Haƙorin Makkan Dada da turamena biyu

Yau ba maganar kwalbati ko taransifoma na zo da ita ba. Maganar baki ce, kuma daga cikin gidanmu na ɗauko ta, a nan Nasarawo.

Da Babbar Sallar da ta wuce ne na lura Dada ta daina cin nama. Ba ta gaya wa kowa ba. An yi layya, an soya, an kai mata kasonta a kwanon samira kamar yadda aka saba, ta sa albarka ta rufe. Can da la'asar sai na ga jikoki suna fitowa daga ɗakinta ɗaya bayan ɗaya, kowa hannu duk maiƙo. Na leƙa na ce, "Dada, ke fa ba ki taɓa ba." Ta ce ta ƙoshi. Matar da muka tashi muna ganin tana fasa ƙashi da haƙori ta zuƙe ɓargo, ita ce yau ta ƙoshi da ƙamshi. Ban ja maganar ba, amma daga ranar na fara sa ido. Tuwo sai an yi mata shi ruwa-ruwa. Goro, wanda ba ta rabuwa da shi, sai an gurza mata a magogi ta watsa a baki kamar gari. In za ta yi dariya kuma sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki. Wannan na ƙarshen shi ya fi tayar mini da hankali, domin duk wanda ya san Dada ya san da haƙorin Makka ake gane dariyarta tun daga nesa.

A 1997 ta sauke farali, shekarar da aka yi gobarar Mina, watanni kaɗan bayan an yanke mana jihar Gombe daga Bauchi. Lokacin ina sakandare. Babu wayar hannu, kwana da kwanaki muna manne da rediyo, ba mu san tana raye ko ba ta raye ba. Ranar da mota ta sauke ta a ƙofar gida, ta fito ta rame, ta yi baƙi, ta dube mu ta yi murmushi, sai ga walƙiya a gefen hagu na sama. Mata suka rangaɗa guɗa. Dabino da zamzam da carbi duk sun ƙare cikin mako biyu, haƙori kuwa ya zauna kusan shekara talatin. A wurinmu shi ne shaidar cewa ta je, ta kuɓuta, ta dawo. Saboda haka da na matsa mata ta buɗe baki na ga dasashin da ke samansa ya kumbura ya yi jawur, shi kansa yana motsi in harshe ya taɓa shi, na san aikin da ke gabana ba ƙarami ba ne.

Ashe ta daɗe tana fama a ɓoye. Ta tauna kanumfari, ta kurkure da ruwan gishiri, ta shafa man zafi a kunci. Wata maƙwabciya ta ce tsutsa ce, akwai mai fitar da ita da hayaƙi. Wani yaro ma cewa ya yi a ɗiga ruwan batir, wanda Allah ya taimaka ba ta yarda ba. Asibiti kuwa ta ce a kai kasuwa, domin ta ji an ce duk wanda aka cire wa haƙorin sama idonsa yakan mutu. Sai da na haɗa da Adda, babbar yayarmu, sannan muka samu ta hau Keke Napep tana mita.

A cikin garin nan akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya, akwai a Asibitin Ƙwararru na jiha, ga kuma masu zaman kansu. Ba zan faɗi inda muka je ba, kada a ce talla aka biya ni. Likitar da muka tarar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, abin da ya ƙara wa Dada shakka ke nan. Amma ta iya tsofaffi. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta auna mata jini tukuna, ta tambayi ko tana da ciwon suga, sannan ta ce, "Mama, ba abin da zan taɓa yau sai kin yarda. Hoto kawai za mu ɗauka." Maganar ido kuma ta yi dariya ta ce jijiyar gani daban, ta haƙori daban, kuma da cire haƙorin sama yana makantarwa da rabin garin Gombe da sanda suke yawo.

Da hoton ya fito a kwamfuta ta kira ni gefe. A nan na fara sanin mene ne ainihin haƙorin Makka. Hula ce ta ƙarfe da ake kifa wa lafiyayyen haƙori. Irin wadda akasarin alhazanmu ke sawa an riga an ƙera ta girma-girma kamar zobe a kasuwa: a gwada wadda ta shiga, a ɗan goge haƙorin, a liƙa, ka biya ka fito. Tun da ba don bakinka aka yi ta ba, bakin hular ba ya haɗuwa da haƙorin daidai a wajen dasashi, akan bar wata 'yar kafa da ido ba ya gani. Ta nan abinci ke shiga, kuma asuwaki da buroshi ba sa kaiwa can. Ƙwayoyin cutar da ke baki su ci sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cin haƙori a hankali. Ba tsutsa ba ce. Duk ɗan Gombe ya san yadda kwari ke yi: ruwa ya fara da 'yar hanya da yaro zai tsallake, yana ci ta ƙasa, katanga tana tsaye da fentinta, sai wata damina a wayi gari ɗaki ya rufta. Haka na gani a hoton nan. Daga waje zinariya tana ƙyalli, daga ciki babu abin da ya rage sai guntun saiwa baƙi, da jakar mugunya a ƙarshensa.

Na ce to a cire, in ya so ta koma cin namanta. Likita ta ce, "Malam, wannan shi ke mata ciwo da wari, amma ba shi ya hana ta tauna ba." Ta ƙirga mini a hoton. Babban mutum haƙora 32 gare shi, 12 daga ciki turame ne na can baya, su ne masu niƙa. Dada uku suka rage mata, kuma babu ɗaya da ke da abokin haɗuwa, na sama yana hagu, na ƙasa suna dama. Dutsen niƙa ba ɗansa. Sauran sun tafi ɗaya bayan ɗaya a tsawon shekaru, mu kuma muna cewa tsufa ne. Likita ta ce tsufa shi kaɗai ba ya zubar da haƙori. Dattin da ke taruwa a gindin haƙora ne yake daskarewa ya zama kamar dutse, ya sa dasashi kumburi da jini, ƙashin da ke riƙe da saiwa ya dinga janyewa, har haƙori ya fara girgiɗi ya faɗi da kansa ba ko rami a jikinsa. Maganin farko shi ne wankin haƙori, wanda ake yi da ɗan inji mai feshin ruwa ya kakkaɓe dutsen nan, kuma shi ne mafi arha a duk ayyukan asibitin. Mutanenmu suna gudunsa wai yana buɗe tsakanin haƙora. Gaskiyar ita ce ƙofar tana nan tuntuni, datti ne ya toshe ta.

Na tsaya ina lissafi. Shekara kusan talatin muna alfahari da haƙori ɗaya da ke gaba, babu wanda ya taɓa leƙa bayan bakin tsohuwar nan ya ga abin da ke faruwa, har da ni da nake kiran kaina ɗan boko.

Ina cikin wannan tunani likita ta ce, "Kai ma hau kujerar nan, na ga da gefe ɗaya kake magana." Na so in zame, Dada ta ce ai sai ka hau, tun da kai ka kawo ni.

Nawa labarin ya fi na Dada ban kunya, domin ita ba ta sani ba, ni kuwa an gaya mini. Turame biyu na rasa, duka a ƙasa ta hagu. Na farko wajen shekara goma sha biyar da suka wuce, ciwo ya hana ni barci kwana uku, wani abokina ya kai ni wani shago a cikin kasuwa inda wani mutum ke cire haƙori. Ba takarda a bango, ba hoto, kayan aikinsa a cikin wani kwano da ruwan da ban san ko na mene ne ba. Ya yi mini allura, ya danne ni, ya fizge. Mako guda ina tofar da jini, kuncina kamar na cusa lemo. Wannan na ɗora wa wauta da ƙuruciya. Na biyun kuwa a asibiti ne, gaban likita na gaske, wanda ya dube ni ya ce haƙorin nan zai ceto, a kashe jijiyarsa a cike shi. Na tambayi kuɗi, ya faɗa. Na tambayi kuɗin cirewa, ya faɗa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. Na ce a cire. Ya sake tambayata har sau biyu. Na ce ai na baya ne, ba mai gani.

Wannan magana ta "ba mai gani" ita likitar Dada ta nuna mini sakamakonta da ɗan madubi. Haƙora ba kafe suke kamar ƙusa a katako ba, jingine suke da juna. Da aka bar giɓin nan, turmin da ke bayansa ya kwanto gaba, na sama da ya rasa abin da zai taka ya zazzago ƙasa ya fi 'yan uwansa tsawo, abinci ya samu lungun ɓuya. Na koma tauna da dama kawai, nauyin baki duka ya koma kan haƙora huɗu ko biyar. Ɗaya daga cikinsu ya riga ya yi rami ƙarami, wani kuma ramin ya kai ga jijiya, shi ne wanda in na sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi nake ji har cikin ƙwaƙwalwa, nake kuma cewa sanyi ne ya kama ni.

Ƙaramin ramin a zama ɗaya aka gama da shi, bai kai minti arba'in ba. Ta gurje ruɓaɓɓen wurin da inji, ta cusa wani farin abu mai laushi kalar haƙori, ta haska masa shuɗiyar fitila, nan take ya sandare. Shi ne ciko. Waɗanda aka yi wa ciko a shekarun baya za su tuna da irin mai ruwan azurfa da ke yin baƙi daga baya. Wancan kusan rabinsa zaiba ce, shi ya sa tun yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya na cikin ƙasashen da suka sa mata hannu, ake ta rage amfani da shi a duniya. Na tambaya ko mai tsohon ciko irin wannan ya je a ƙwaƙule masa, ta ce in yana zaune lafiya bai tsage ba a bar shi, ƙwaƙulewar ba gaira ba dalili ita ma cin haƙori ce.

Na biyun shi ne aiki. Kashe jijiya sunan ne mai ban tsoro, amma allurar kashe zafi ake yi, abin da ya fi damuna shi ne gajiyar buɗe baki. A cikin kowane haƙori akwai ɗan ɗaki da siraran hanyoyi da suka gangara cikin saiwa, a nan jijiya da jini suke. In ruɓa ta kai can, ciko kaɗai ba ya yi, sai an buɗe an kwashe abin da ya lalace da wasu siraran allurai, an wanke, an toshe hanyoyin har ƙasa. Sau uku na je. Haƙorin da aka yi wa haka yakan yi rauni, yana iya tsagewa a kan ƙashi ko tsakuwar shinkafa, saboda haka aka rage masa jiki aka ɗauki awonsa, mai ƙera haƙori ya yi masa hula ta tangaran daidai da shi. Ka ga ita ma hula ce kamar ta Dada. Bambancin, tawa an yi ta ne don ta ceci haƙorin da ya lalace, kuma an auna ta da bakina har ba ta bar kafa ba, tata kuwa an kifa ta ne a kan haƙorin da ba abin da ya same shi. Kuɗin ya ci mini fiye da albashin wata, sai da na ɗauki adashi. Ina biya ina tuna cewa da na zo lokacin da na fara jin tsamin ruwan sanyi, da ciko kawai za a yi, kuɗin da bai fi na cefanen mako ba.

Giɓin turame biyun kuwa yana nan har yanzu, kuma a nan ne na gane cirewar da na ɗauka arha ita ce mafi tsada. Hanya uku aka ba ni. Ko haƙorin roba da ake sawa ana cirewa. Ko gada, wato a gurje lafiyayyun haƙoran da ke gefe biyu na giɓin a yi musu huluna, a rataya na ƙarya a tsakani, ka ga an taɓa biyu don a maye biyu. Ko kuma dashe, wanda ake huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura wani ɗan kusa na ƙarfen titaniyom, a jira wata uku zuwa shida ƙashi ya kama shi, sannan a ɗora haƙori a kai. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Branemark ne ya gano cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe kamar jikinsa ne, ya kuma yi wa mutum na farko dashen a 1965. Abu ne mai kyau ƙwarai, amma kuɗin guda ɗaya da aka faɗa mini ya kusa sayen babur, ga shi kuma ƙashin wurin ya riga ya lotsa saboda daɗewa ba haƙori. Malamin firamare da dashe, sai dai a ji a salansa. Ina tara na roba.

Bari in ɗan ratse, don wannan ya shafi masu yara da 'yan acaɓa. Likitar ta ce in aka faɗi haƙorin gaba ya fita gaba ɗaya da saiwarsa, in na manya ne ba na nono ba, kada a jefar, kada a goge saiwar, kada a naɗe a takarda. A riƙe shi ta kai, a tsoma a madara, a garzaya asibiti cikin awa guda, sau da yawa ana mayar da shi ya kama. Ni dai ban taɓa ji ba sai ranar. Haka nan turmin farko na manya yana fitowa ne yaro na wajen shekara shida, a can baya, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ke ɗaukarsa na nono su bar shi ya ruɓe wai ai za a yi famfara.

Da labari ya kai gida, sai uwargida ta ce ita ma za ta. Ita 'yar Kaltungo ce, kuma duk wanda ya san mutanen yankin Kaltungo ya san da yawa haƙoransu na da zane-zane fari fat da ruwan ƙasa, wasu kamar an ɗiga musu shayi. Shekara ashirin muna tare ban taɓa sanin abin na cinta ba. Ashe tun tana makarantar kwana ake mata ba'a wai ba ta wanke baki, a gidajen biki kuma akan tambaye ta ko goro take ci, ita da ko ɗanɗana shi ba ta yi. Ashe ta gwada gawayi, ta gwada toka, ta gwada lemon tsami da bakar hoda, har wani ruwa ta saya a wajen masu tallan kayan mata a WhatsApp, wanda ya ƙona mata dasashi ta ce mini zafin miya ne.

Likita na dubawa ta tambaye ta inda ta yi ƙuruciya. Ta ce ba datti ba ne, ruwa ne. Ruwan rijiyoyi da burtsatse na yankin Kaltungo, kamar na Langtang a jihar Filato, yana ɗauke da sinadarin fulorayid mai yawa daga duwatsun ƙasar. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake zuba shi a man goge baki, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. In ya wuce haka, yaron da ke shan ruwan lokacin da haƙoransa ke ginuwa a cikin dasashi, wato daga haihuwa zuwa wajen shekara takwas, tabon yakan shiga cikin jikin haƙorin ne tun kafin ya fito. Nan na gane dalilin da ya sa 'ya'yanmu, da suka tashi a nan da ruwan Dadin Kowa, nasu fari tas. Gogewa ba ta fitar da shi. Abin da gawayi da lemon tsami suka yi mata shi ne cinye farin ɓawon da ke saman haƙorin, wanda ba ya sake tsirowa, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ruwan ɗorawa ne. Wato tana gogewa yana ƙara duhu, yana ƙara jin sanyi.

Akwai gyara. In tabon sama-sama ne akan ɗan share fuskar haƙorin a hankali sannan a sa maganin faranta haƙori na asibiti, wanda ake auna ƙarfinsa a kuma kare dasashi kafin a shafa. In ya yi zurfi irin nata, sai dai a lulluɓe fuskar haƙoran gaba, ko da farin abin nan na ciko, ko da siririn ɓawon tangaran kamar farce da ake liƙawa. Na tangaran ya fi kyau da daɗewa, amma sai an gurje lafiyayyen haƙori, kuma in an fara an shiga ke nan, duk ranar da ya ɓalle sai an sake wani. Na ce mata in tana so zan nemo kuɗin ko da bashi, kuma har zuciyata nake nufi. Ta yi shiru, ta tambayi likita, "Yanzu dai ba ciwo ba ne? Ba kuma ƙazanta ba ce?" Aka ce mata a'a. Ta ce to a wanke mata kawai, a cike mata ɗaya na baya da aka gani da rami. A hanya ta ce mini abin da take so ta ji ke nan tun tana aji ɗaya. Ban ce ta yi daidai ko ba ta yi ba. Wata a matsayinta za ta zaɓi a lulluɓe, kuma ba zan ga laifinta ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni ba na cikin masu cewa ado a baki almubazzaranci ne. Mu da muka gaji jan baki da fure da goro a wajen kakanninmu, muka ɗauki wushirya alamar kyau, ba yau muka fara ba. Abin dariya ma, a Turai da Amurka kuɗi ake biya a sa wa yaro waya a baki shekara biyu don a rufe wushirya, a nan kuwa akwai 'yan matan da ke zuwa a zarte musu haƙora biyu don a buɗe ta. Likitar ta ce ita ba ta yi, kuma waɗanda aka yi wa a waje sukan dawo mata da haƙoran sun yi baƙi saboda an kusa kai wa jijiya. Yanzu kuma ga yayin wayar ado da ake liƙa wa 'yan mata a shago ba don gyaran komai ba, wadda babbar 'yata ta fara yi mini zancenta na ce ta bari in huce. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka juya abin: na gaba da ake gani a kashe masa kuɗi ko lafiyarsa ƙalau, na baya da ke ciyar da mu a ce a fizge a huta. Alhazan bana da ke shirin sawa, ba zan ce kada ku sa ba, don na san ba za ku ji ba. Amma in kun dawo ku je likitan haƙori mai lasisi ya duba zamansa, kuma in kun fara jin wari ko ɗanɗanon ƙarfe a wurin kada ku jira.

Dada dai an cire saiwar bayan an sha magani kumburin ya sauka, idonta kuma garau, har zare take sawa a allura. Da aka zo maganar haƙorin roba sai ta tubure, wai canza halitta ne. Wannan ba fannina ba ne, sai na ɗauko mata malamin da take sauraro a unguwa. Ya ba ta labarin sahabin nan Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun kafin Musulunci, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Ya ce mayar da abin da aka rasa daban, ɓata lafiyayye don ƙawa daban. Ta yarda. Aka cika mata baki da wani abu kamar kwaɓin fulawa aka ɗauki siffarsa, bayan mako biyu aka kawo na sama da na ƙasa, masu 'yan ƙugiyoyi da ke kama sauran haƙoranta.

Makon farko ba daɗi. Ya goge mata dasashi sai da muka koma sau biyu aka rage. Yawu ya yi ta zuba. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne karatunta na asuba, sin da sadi suka ƙi fita yadda ta saba, har ta yi rantsuwar ba za ta ƙara sawa ba. Likita ta ce ta dinga karatun da ƙarfi da shi a baki, harshe zai saba. Ya kuwa saba. Da dare takan cire ta wanke ta sa a kofi da ruwa, jikoki su zo kallo tana korarsu. Ranar wata Juma'a da daddare ta aiko ƙaramin ɗana wai in taho mata da tsire, a ce wa mai naman ya yanka ƙanana.

Hular Makkan kuwa, ranar da aka cire, mai ƙera haƙorin ya juya ta a tafin hannunsa, ya nuna mini inda ruwan ya goge, wani farin ƙarfe ya fito daga ƙasa. Ya ce a hankali, "Malam, wannan fa ba zinariya ba ce." Na ce na ji, ya bar maganar a nan. Dada ta karɓi abinta, ta wanke da sabulu, ta ƙulle a ƙyalle ta sa a cikin adakarta tare da fasfonta na 1997. Jiya ma ta kira babbar 'yata ta kwance ta nuna mata, ta ce in ta mutu nata ne, a kai wa maƙeri ya yi mata ɗan kunne. Yarinyar ta dube ni, ni kuma na ce ta yi wa kakarta godiya.